Ɗan Hakin Da Ka Raina: Ƙananan Rukunan Jini Da Ba A Rubutawa A Katin Asibiti

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibiti ya san sa'ar da likita zai ɗago kai ya ce, "Sai an ƙara jini." Nan take a shiga buge-bugen waya: wa ke da O, wa ke da B, wa zai iya isowa kafin la'asar. Haruffan nan na A da B da AB da O, da fozitif ko negetif da ake liƙa musu, sun shiga bakin kowa, har waɗanda ba su taɓa zama a ajin kimiyya ba, musamman tun da gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare. Da yawanmu mun ɗauka in harafi ya dace da harafi, magana ta ƙare.

Ga wanda leda ɗaya ko biyu za a ƙara masa sau ɗaya a rayuwa, kusan hakan ne. Amma a ɗauki misalin yarinya mai ciwon sikila, 'yar shekara 14, wadda tun tana goye ake kai ta ana ƙara mata jini. Wannan karon ma an ƙara mata leda biyu, rukuninta daidai, an yi gwajin dacewa bai nuna komai ba, ta farfaɗo, aka sallame ta. Bayan kwana takwas sai ga zazzaɓi, ga ciwon ƙashi, idanu sun yi ruwan ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayin da ba madara. Aka auna jininta, aka tarar ya yi ƙasa da yadda yake ranar da aka fara kawo ta. Uwa za ta ce ciwon ne ya tashi. Ma'aikacin lafiya zai fara zargin maleriya. Kowannensu yana da hujja. Sai dai akwai bayani na uku da ba kasafai yake zuwa wa mutane a rai ba: jikinta ne ke farfasa jinin da aka ba ta, saboda wata alama da ke kan ƙwayoyinsa, wadda ba A ba ce, ba B ba ce, ba kuma ita ake nufi da fozitif ba.

Bayan jar ƙwayar jini ba sumul yake ba. Cike yake da furotin da sukari iri-iri da mutum ya gada daga uwa da uba, kamar askar gado a fuskar mutanen da, inda wanda ya iya karanta tsaga zai dube ka ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Masana suna kiran waɗannan alamomi antijen. Garkuwar jiki ta haddace alamomin mai ita tun yana ciki. Da ta ga baƙuwar alama, sai ta ƙera wani makami da ya dace da wannan alamar kaɗai, shi ne antibodi, wanda ke yawo a ruwan jini yana neman abin da aka ƙera shi dominsa. Alamomin da suka fito daga ƙwayar gado ɗaya, ko daga ƙwayoyin gado maƙwabtan juna, ana haɗa su gida ɗaya. ABO gida ne, Rh gida ne, kuma alamar D ta gidan Rh ita ce mai sa a ce da mutum fozitif in yana da ita, negetif in ba shi da ita. Zuwa watan Yunin 2025, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da ilimin ƙarin jini, ISBT, ta amince da gidaje 48, alamomin da aka sani kuma sun haura 360. Abin da muke rubutawa a kati gida ɗaya ne da alama ɗaya daga gida na biyu.

Me ya sa aka kira sauran ƙanana? Ba don ba sa kisa ba. Bambancin yana wajen lokacin da makamin ke samuwa. Mai rukunin O, tun yana ɗan watanni, jikinsa ya riga ya tanadi antibodi a kan A da B ba tare da ya taɓa haɗuwa da jinin wani ba, domin ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanjinsa suna ɗauke da sukari mai kama da waɗannan alamomi. Shi ya sa kuskure a ABO ke iya kashe mutum tun a leda ta farko, cikin mintuna. A yawancin sauran gidaje kuwa, sai jiki ya fara ganin alamar tukuna. Ƙofofin ganin guda biyu ne: ƙarin jini, da juna biyu, lokacin da 'yan ƙwayoyin jinin jariri ke tsallakawa cikin jinin uwa, galibi a wajen haihuwa ko ɓari. Daga nan mai karatu zai gane a kan wa nauyin ya faɗa. A kan masu yawan karɓar jini ne, da kuma mata.

Karl Landsteiner, wanda ya gano ABO a Biyana a 1901, shi ne kuma ya buɗe ƙofar ƙananan gidajen. A 1927, shi da Philip Levine suka riƙa yi wa zomaye allurar jinin mutane a Amurka, suna duba irin antibodin da zomayen za su ƙera, ta haka suka samo alamomin M da N da P. Daga nan tafiya ta yi nauyi, kuma dalilin nauyin yana da muhimmanci har yau. Antibodi iri biyu ne a wannan fage. Akwai babba mai hannuwa goma, IgM, wanda ke kamo ƙwayoyi da yawa lokaci guda ya dunƙule su har a gani da ido a kan farantin gwaji. Na A da B galibi irinsa ne. Akwai kuma ƙarami mai hannu biyu, IgG, wanda zai manne a jikin ƙwaya amma hannunsa bai kai ya kamo ta kusa da ita ba. Jini zai zauna lafiya lau a ido, alhali an riga an yi masa shaida. Wannan ƙaramin shi ne ya fi aiki a ɗumin jikin ɗan Adam, shi ne kuma ke iya ƙetare mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi.

A 1945 Robin Coombs, wanda asalinsa likitan dabbobi ne, tare da Arthur Mourant da Robert Race, suka samo dabara a Kambirij ta Ingila. Suka sa zomo ya ƙera antibodi a kan antibodin mutum. In aka ɗiga wannan ruwan a kan ƙwayoyin da IgG ya manne wa, sai ya zama gada tsakaninsu, su dunƙule, ɓoyayye ya fito fili. Cikin shekara goma bayan haka gidaje suka yi ta bayyana: Kell da Lewis a 1946, Duffy a 1950, Kidd a 1951, Diego a 1955. Abin da ke taɓa ni a wannan jerin shi ne sunayen. Ba na masu binciken ba ne. Sunayen waɗanda aka samu antibodin a jininsu ne da iyalansu, kuma uku daga cikinsu, Kell da Kidd da Diego, sun fito ne daga gidajen da aka haifi jariri jininsa yana narkewa.

Kell da maganar jinin miji

Bayan D, babu alamar da ta kai K ta gidan Kell saurin tsokano garkuwar jiki. Kusan kashi 9 cikin 100 na Turawa suna da ita, baƙar fata kuwa kusan kashi 2, a wasu al'ummun Larabawa kuma ta fi haka yawa nesa ba kusa ba. Macen da ba ta da K, in aka ƙara mata jini mai K, tana iya ƙera antibodi ta zauna da shi shekaru ba ta sani ba. Ranar da ta ɗauki cikin da ya gaji K daga uba, makamin zai ƙetare mabiyiya. A nan Kell ya bambanta da D. Antibodin D yana farfasa ƙwayoyin da suka riga suka nuna, shi ya sa jariri ke fitowa da shawara mai tsanani. Alamar K kuwa tana fitowa tun ƙwaya tana ɗanya, don haka antibodinta yana bin ƙwayoyin har inda ake ƙera su ya kashe su tun ba su kammala ba. Ɗan tayi sai ya rasa jini ƙwarai ba tare da shawara mai yawa ba, zuciyarsa ta gaza, jikinsa ya kumbura da ruwa. Inda ake da kayan aiki, ana bibiyar irin wannan ciki da hoton da ke auna gudun jini a wata jijiyar ƙwaƙwalwar ɗan tayi, in ta kama a ƙara masa jini yana cikin mahaifa, aikin da William Liley ya fara a ƙasar Niyuzilan a 1963. Allurar nan da ake yi wa mata masu negetif bayan haihuwa D kaɗai take karewa. Kell ba ta da irinta. Wannan ne ya sa a Ingila da Holan ake ba 'yan mata da matan da ke shekarun haihuwa jinin da ba shi da K, sai in an tabbatar su ma suna da ita.

Tun da K ba ta da yawa a tsakaninmu, haɗarinta a gida bai kai na Turai ba, kodayake mai zuwa neman magani Masar ko Saudiyya ya kamata ya sani cewa jinin da za a ƙara masa a can daga wata al'umma ya fito. Sai dai gidan Kell yana da wata alamar, Js(a), wadda Eloise Giblett ta gano a 1958, kuma ita kusan tamu ce: mutum ɗaya cikin biyar na baƙaƙen Amurka yana da ita, a Turawa kuwa da ƙyar ake samunta. Za mu dawo kanta.

Akwai wata al'ada da nake so a sake dubawa. A 1939 Levine da Rufus Stetson suka ba da labarin wata mata a Amurka da ta haifi ɗa ba rai, jini ya zuba, aka ƙara mata na mijinta, dukansu O, amma ta shiga mawuyacin hali. Bayanin da suka bayar shi ne tushen fahimtar gidan Rh: cikin da ta ɗauka ya gaji wata alama daga uba, jikinta ya riga ya ƙera makami a kanta, jinin mijin kuma cike yake da ita. A juya labarin, darasin yana nan. Rabin alamomin kowane ɗa daga ubansa suke. In aka ƙara wa mace jinin mijinta, an gabatar wa garkuwarta ainihin alamomin da 'ya'yanta na gaba za su iya ɗaukowa. A asibitocinmu, inda dangi ne ke kawo yawancin jini, miji ne kan fara miƙa hannu, kuma niyyarsa abin yabo ce. Abin da ya fi shi ne a karɓi nasa a ajiye wa wani, a ba ta wata leda daga ma'ajiya. In rai ne ke ƙoƙarin fita kuma babu wani jinin, wannan wata magana ce, ba a tsayawa lissafin cikin da bai zo ba. Mace da ke ta haihuwa jariran suna komawa, wadda ake ce wa mai wabi, dalilanta suna da yawa. Antibodin jini ɗaya ne daga cikinsu, kuma yana cikin waɗanda gwaji ke iya nunawa.

Makamin da ke ɓuya

Mu koma ga yarinyar nan. Gidan da ma'aikatan ma'ajiyar jini suka fi jin tsoro a irin labarinta shi ne Kidd. Alamominsa biyu manya, Jk(a) da Jk(b), suna zaune ne a kan wani furotin da aikinsa shigar da yuriya da fitar da ita daga ƙwaya, yuriyar nan dai da manomi ya sani a buhun taki, wadda jiki ke fitarwa a fitsari. Ƙwayar jini tana buƙatar wannan ƙofa lokacin da take ratsa can cikin ƙoda. Kusan rabin baƙar fata ba su da Jk(b), alhali kusan kashi uku cikin huɗu na Turawa suna da ita.

Halin antibodin Kidd shi ne, yakan tashi bayan ƙarin jini, sannan cikin watanni ya ja baya har gwaji ya kasa ganinsa. Makamin ya ɓace daga ruwan jini, amma maƙeran da suka ƙera shi suna nan, kuma ba su manta ba. Bayan shekara biyu ko biyar a kawo mara lafiya, a haɗa ruwan jininsa da ledar da za a ba shi, a ga lafiya ƙalau. Babu wanda ya yi sakaci; gwajin ya faɗi abin da ya gani. Da jinin ya shiga, maƙeran su farka, cikin kwana uku zuwa mako biyu antibodi ya cika jiki, ƙwayoyin da aka ƙara su fara mutuwa. Ba Kidd kaɗai ke yin haka ba, na Duffy da Kell da sauran alamomin Rh irin su C da E duk suna yi, amma shi ya fi yin suna.

Ga mai sikila abin ya fi muni ta fuska biyu. Na farko, alamomin sun yi kama da tashin ciwon da aka saba gani, don haka abin da hankali zai fara kawowa shi ne a ƙara wani jinin. Na biyu, a wasu lokuta wutar ba ta tsayawa kan baƙin ƙwayoyin, sai ta haɗa da na mai jikin, jini ya faɗi ƙasa da inda aka fara, kuma kowace sabuwar leda tana iya zama ƙarin makamashi. Shi ya sa ƙwararru ke cewa duk mai sikilar da ya dawo da ciwo ko baƙin fitsari cikin makonni uku bayan ƙarin jini, a fara tambayar yaushe aka yi masa ƙarin, a yi gwajin Coombs, kuma kada a gaggauta ƙara wani sai in babu makawa. Tambaya ce da ba ta cin ko sisi, amma sai wanda ya san da matsalar zai yi ta.

Duffy, gidan da sauro ya sassaƙa

An samo sunan ne daga wani mai ciwon rashin daskarewar jini a Ingila da aka yi ta ƙara wa jini. Alamominsa Fy(a) da Fy(b) ne, kuma da farko an ɗauka kowa yana da aƙalla ɗaya. A 1955 Ruth Sanger da abokan aikinta suka tarar yawancin baƙaƙen Amurka ba su da ko ɗaya a jajayen ƙwayoyinsu. Kusan kashi 68 cikin 100 ne. A Afirka ta Yamma, tushen abin, adadin ya kusa kowa da kowa. Mai karanta wannan rubutu a Kano ko Damagaram ko Kumasi, mafi rinjayen zato shi ne ƙwayoyin jininsa ba su da Duffy.

An shekara ashirin ba a san dalili ba, sai a 1975 da 1976 Louis Miller da abokansa a Amurka suka nuna cewa ƙwayar maleriyar da ake kira vivax ta wannan furotin take shiga jar ƙwayar jini. Wanda ba shi da ƙofar, ɓarawon ba ya samun wurin shiga. Wannan ya bayyana abin da likitoci suka daɗe suna gani: vivax ta addabi Indiya da Kudancin Amurka da wasu sassan Habasha, amma ba ta da ƙarfi a yankinmu, inda falsifarum, mai kisan yara, ke mulki ta wasu ƙofofin daban. Daga 2010 zuwa yau an yi ta samun vivax a jikin marasa Duffy a Madagaska da Habasha da Sudan da Kamaru da Mali, alamar cewa kariyar mai ƙarfi ce amma ba katangar ƙarfe ba ce.

Yadda rashin ya faru shi ma abin lura ne. A 1995 masu bincike a Faransa suka gano cewa ƙwayar gadon tana nan lafiyarta ƙalau; harafi ɗaya ne ya canza a makunnin da ke kunna ta a cikin ɓargo. Jajayen ƙwayoyi sun rasa alamar, amma bangon ƙananan jijiyoyi da wasu sassan jiki suna ci gaba da ɗaukar Fy(b). Saboda haka garkuwar ɗan Afirka ta Yamma ta san Fy(b) a matsayin 'yar gida, da wuya ta yaƙe ta. Fy(a) ce baƙuwa, kuma kusan kashi biyu cikin uku na Turawa da mafi yawan mutanen Asiya suna ɗauke da ita.

Akwai wani reshe na wannan labari da ya shafi ko wanda bai taɓa karɓar jini ba. Marasa Duffy da yawa, in aka ƙirga fararen ƙwayoyin jininsu na nau'in nutrofil, sai a ga sun yi ƙasa da ma'aunin da ke cikin littattafai, alhali lafiyarsu lau, ba sa kamuwa da cuta fiye da kowa. An tabbatar da alaƙar wajen 2009. Ma'aunin ne aka gina a kan jinin Turawa. Sakamakon haka an sha tsoratar da masu lafiya, an sha jinkirta wa masu kansa maganinsu, ko a hana mai taɓin hankali maganin clozapine, a kan lambar da a wajensa daidai take.

Sauran gidajen ba duka ke da wannan nauyin ba. Alamomin Lewis ma ba ƙwayar jini ke ƙera su ba, daga ruwan jini take tsotsarsu. Antibodinsu yakan bayyana a masu juna biyu ya tayar da hankalin ɗakin gwaji, amma ba ya cutar da jariri. Na P1 da yawancin na M sun fi aiki a sanyi, ba su cika damun kowa a ɗumin jiki ba, kuma an lura masu kiwon tantabara sukan samu antibodin P1 saboda tsuntsun yana ɗauke da abu mai kama da alamar. Alamar Diego, da aka gano a Benezuwela, ta 'yan asalin nahiyar Amurka ce da mutanen gabashin Asiya. A gidan MNS kuwa, wato gidan su M da N, akwai abin tsayawa. S da s suna iya jawo fashewar jini mai tsanani, sannan akwai U, wadda Alexander Wiener ya bayyana a 1953, da kusan duk ɗan Adam yake da ita in ban da wasu 'yan asalin Afirka, kusan mutum ɗaya cikin ɗari na baƙaƙen Amurka. Wanda ba shi da U, in ya ƙera antibodinta, jinin dukan Turai ba zai yi masa amfani ba, sai an nemo ɗan'uwansa baƙar fata mai irin rashinsa. A wannan gidan ne kuma ake da nau'in Dantu na gabar tekun Kenya, wanda binciken 2017 ya nuna yana rage haɗarin maleriya mai tsanani da kusan kashi 40 cikin 100. Shi da ƙyar ake samunsa a Afirka ta Yamma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar yara masu sikila kusan 150,000 kowace shekara a Najeriya. Babu ƙasar da maganar ƙananan rukunan jini ta kamata ta dama kamar wannan, amma yawancin abin da aka sani daga waje aka fara gano shi. A 1990 Elliott Vichinsky da abokansa a Kalifoniya suka tarar kashi 30 cikin 100 na masu sikilar da aka ƙara wa jini sun ƙera antibodi, a kan kashi 5 na sauran masu ƙarancin jini da aka gwada su da su. Marasa lafiyar baƙaƙe ne, masu ba da jinin galibi farare, antibodin da suka fi yawa kuma na K da E da C da Jk(b) ne, wato daidai alamomin da ɓangarorin biyu suka saɓa. Wani bincike na 2001 ya kwatanta Jamaika da Mancesta: kashi 2.6 a tsibirin, inda mai bayarwa da mai karɓa tushensu ɗaya, da kashi 76 a Ingila, kodayake na Ingilan ba su da yawa kuma sun fi karɓar ledoji. Wannan ne ya sa hukumar jinin Ingila ke ta roƙon baƙar fata su fito su bayar, musamman masu nau'in Rh da ake kira Ro. Bahaushen da ke zaune a Landan ko Faris, jininsa yana da darajar da na maƙwabcinsa Bature ba zai maye gurbinta ba.

Kada a ce to mu a gida mun tsira. Kasancewar tushe ɗaya ya rage haɗarin, bai kawar da shi ba. Gidan Rh a jikin 'yan Afirka yana da rassa masu yawa: mutum zai nuna yana da D ko C ko e a gwaji, alhali wani ɓangare na alamar kawai yake da shi, in aka ba shi cikakkiya sai ya yaƙi ɓangaren da ya rasa. Sannan akwai matsalar kayan gwajin. Yadda ake farautar antibodi shi ne a haɗa ruwan jinin mara lafiya da ƙwayoyin wasu mutane biyu ko uku masu rukunin O da aka san dukan alamominsu. In an ga dunƙulewa, a faɗaɗa zuwa goma ko sha ɗaya, a bi a cire ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Wani lokaci a jiƙa ƙwayoyin da sinadarin da ake samu daga ƙaron gwanda ko na ɓaure, wanda ke aske alamomin Duffy da M da N ya ƙara fito da na Rh da Kidd, don a rarrabe antibodi biyu da suka cakuɗe. Aiki ne mai kyau, amma waɗannan ƙwayoyin gwaji daga Turai da Amurka ake sayo su, daga jinin mutanen can. Alamomi irin su Js(a), da V da VS na gidan Rh, da ke yawo a ledojinmu kullum, sau da yawa babu su a ciki. Binciken da aka yi kan masu sikila a Ghana, aka buga a 2021, ya nuna kashi ɗaya cikin uku na antibodin da suke ɗauke da shi yana kuɓuce wa irin waɗannan kayan. Ƙwayoyin gwajin da za su yi mana aiki sai an haɗa su daga jinin mutanenmu, kuma wannan aiki ne da cibiyoyin jini na ƙasa da asibitocin koyarwa za su iya.

A asibitoci da yawa na yankinmu ma ba a kai ga nan ba. Ana duba ABO da D, a gwada dacewa, wani wurin a zafin ɗaki kawai ba tare da matakin Coombs ba, matakin da shi kaɗai ke kama IgG. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta fitar a 2020 ita ce a tantance alamomin mai sikila tun kafin ƙarin farko, a riƙa daidaita masa C da E da K ban da ABO da D, ta kuma ce ƙarawa da Kidd da Duffy da S na iya ƙara masa kariya. Na san tsadar wannan a wurin da samun ledar kanta yaƙi ne. Amma ko a cikin talauci akwai abin da ke hannunmu, kuma halin Kidd ne ya nuna shi. Antibodin da ya ɓuya, babu na'urar da za ta gan shi. Takarda ce kaɗai ke tuna shi. Iyayen mai sikila su riƙe ɗan littafi: ranar kowane ƙarin jini, leda nawa, a ina, da abin da ya biyo baya cikin makonni uku. In an taɓa gano antibodi, a rubuta sunansa da manyan baƙi, a nuna wa duk wanda zai ɗaura leda, ko da gwajin ranar ya ce babu komai. Mara lafiyarmu yau yana wannan asibiti, gobe yana wancan, fayil ba ya binsa. Littafin da ke jakar uwa shi ke binsa.

Gida na 48 da aka ambata a sama daga jinin mace ɗaya ya fito, 'yar asalin tsibirin Gwadaluf mazauniyar Faris. A 2011 aka ɗebi jininta kafin a yi mata tiyata, aka ga antibodin da bai dace da komai a littafi ba. Masu binciken hukumar jinin Faransa suka adana samfurin, sai a 2019 na'urorin karanta ƙwayoyin gado suka ba su damar gano inda canjin yake, aka amince da shi a taron ISBT na birnin Milan a 2025, suka raɗa masa suna Gwada negetif. Lokacin da aka sanar, ba a san wani mutum a duniya da za a iya ƙara mata jininsa ba, kuma masu binciken sun ce a cikin mutanen tsibirin nata za su fara nema.